Wa ya auna tafiyar hamadar nan?

Duk taron da za a yi a kan Damargu, a Tanut ne ko a Belbeji, da magana ɗaya ake buɗe shi: hamada na tahowa, tana cin kilomita kaza kowace shekara. Mai furoje ya faɗa, mushen lakkol ya rubuta a allo, rediyo ta maimaita. Ka ɗaga hannu ka ce wa ya auna, daga wane turke zuwa wane turke, sai a yi maka kallon hadarin kaji.

Zancen ya girmi jamhuriyar Nijar. A 1935 wani Baturen Ingila masanin daji, Stebbing, ya rubuta cewa Sahara na gangarowa kudu. Da rani ya zaga ƙasar, lokacin da ko gona mai albarka kan yi kama da kufai. Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti, ya bi yankin iyakar Nijar da Najeriya daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937, ya dawo ya ce bai ga hamada mai tafiya ba. Rahoton kwamitin ya sha ƙura, zancen Stebbing kuwa ya yi ƙafafu. A 1991 Compton Tucker na hukumar NASA ta Amurka da abokan aikinsa suka fito da abin da tauraron ɗan'adam ya gani: daga 1980 zuwa 1984 bakin Sahara ya matso kudu wajen kilomita 240, daga 1984 zuwa 1985 ya koma arewa wajen 110. Ruwan sama yake bi. Abin da ke zuwa yana komawa haka, da wane lissafi aka ba shi kilomita na kowace shekara?

Kada wani ya ce na raina wahalar mutanen Damargu. Wanda ya ga farin 1984 a Tanut ba ya buƙatar takarda. Ƙasar da ta ciyar da ayarin Abzin da hatsi yau manominta na shuka sau biyu, sau uku a damina ɗaya. Amma je ka tsaya a gonar. Iskar da ke gaban hadari ta taso daga gabas, ta kwaso rairayi, ta yanke gero mai ganye biyu kamar da aska, ta binne saura. Dubi gindin hanzar da aka bari a kan iyaka: ga tulin ƙasa mai laushi ya taru a jikinta, geron da ke bayanta na tsaye. Yashin nan daga ina? Daga gonar maƙwabci da aka sassabe ƙat, taku ɗari daga nan. Hamadar Tenere ba ta aiko shi ba.

Nan ne kuskuren ke cin kuɗi. In hamada ce ke tahowa kamar rundunar yaƙi, sai a jera dashe a gabanta, a ɗauki hoto, awaki su ƙarasa aikin kafin bazara. Sai kuma a nemi mai laifi, kuma kullum Bafulatani ne da Buzu. Alhali binciken Alessandra Giannini na 2003 ya danganta babban farin Sahel da sauyin ɗumin ruwan teku, inda babu saniyar kowa. In kuwa gona ce aka tsiraita, maganin na hannun mai ita: ya bar tohon kututture, abin da mutanen Maradi ke kira sassabin zamani, ko ya binne ƙwayar hanza da aduwa da magarya kai tsaye, kamar yadda gidauniyar Eden ta gwada a Dalli kusa da Tanut tun ƙarshen shekarun 1980.

Ni ma a kama ni da igiyar da na kama wasu. Gawon da ya cika gonakin Magarya da Matamai saboda barin toho hujja ce ta Magarya da Matamai. Ruwansu ya fi na Damargu nesa ba kusa ba. Damargu na son awonta na kanta.

Malaman lakkol na Tanut da Belbeji, ku kafa ma'aunin ruwa a tsakar makaranta, ku sa yara su ƙirga itatuwan gonaki goma kowace kaka, su rubuta. Duk mai furojen da ya zo da kilomitocinsa, ku miƙa masa littafin, ku ce ya kawo nasa.