Mazan Jiyan Bama Ba 'Yan Dako Kawai Ba Ne

Wani marubuci ya tuhumi sojojinmu da suka je yaƙin Bama da abu uku: wai dako aka kai su yi, wai ba a horar da su ba, wai ko ƙurar Japanawa ba su gani ba. Tunda masu abin sun kusa ƙarewa, bari mu amsa a madadinsu.

Dako dai an yi shi. Runduna ta 81 da aka kafa a Najeriya a 1943 tana da ayarin masu ɗaukar kaya a ka. Amma ina mota za ta bi a kwarin Kaladan, daji ne da duwatsu da koguna? Jirgin sama ke jefo abinci da harsashi da laima, mutum ya tsince su, ya aza gammo, ya hau tudu da harsasan igwa a ka. Wannan ne ya ba rundunar damar ɓullo wa abokan gaba ta inda ba su zata ba. Kuma mai kaya daban, mai bindiga daban. Bataliyoyin ƙasa na Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya faɗa suka je yi.

Batun horo kuwa, an koya musu yaƙin daji tun a gida, aka ƙara a Indiya: sintiri, kwanton ɓauna, haƙa rami kafin duhu, ƙetare kogi da makami. Inda aka gaza shi ne harshe. Hafsoshi kusan duk Turawa ne, da yawansu sababbin zuwa, ba su jin Hausa, sai saje ya yi tafinta ana ruwan wuta. Laifin wa ke nan?

Zargi na uku shi ya fi ciwo. A watan Maris na 1944 Japanawa sun tura Runduna ta 81 baya a Kaladan, ba a musu. Ta sake dawowa, ita da Runduna ta 82 suka ƙwace Myohaung a Janairun 1945. Bataliyoyin Najeriya uku kuma an sauke su a bayan layin Japanawa tare da dakarun Chindit na Janar Wingate.

Da marubucin a kan albashinsu da bai kai na farar fata ba ya yi ƙorafi, da mun mara masa baya. In yana shakkar sauran, ya je Yaba a Legas ya tambayi inda barikin Myohaung ya samo sunansa.