Ladabin Cin Abinci da Kwanon Wanke Hannu

Kowace al'umma tana da ladubbanta na cin abinci. A Japan da Sin, inda ake ci da tsinke biyu, abin ƙi ne mutum ya kafa tsinkensa a tsaye cikin shinkafa, domin hakan yana tuna musu da makoki. A ƙasar Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa kuwa, yaro ya san ba a cin tuwo da hagu, ba a cin gaban wani, ba a kuma riga babba sa hannu a akushi.

Sai dai akwai al'ada guda da ke bukatar gyara, wato wanke hannu a kwano ɗaya. Maigida ke farawa, sai mai bi masa, kafin ruwan ya iso ga ƙaramin yaro ya riga ya gurɓace. Ƙwayoyin cutar kwalara da taifot suna fita ta bayan gida, su maƙale a hannu, su shiga ta baki. Ruwan kwano ba ya tafiya da su, raba su yake yi ga kowa, kuma na ƙarshe shi ya fi kwasa.

Sinawa sun nuna cewa al'ada tana karɓar gyara. Bayan annobar SARS ta 2003 da ta korona ta 2020, hukumominsu sun yi ta kira da a ware tsinken ɗiba daga kwanon tarayya, ba tare da an daina ci tare ba.

Gyaran ƙasar Hausa ya fi wannan sauƙi: buta da sabulu. Yaro ya durƙusa ya zuba wa babba ruwa, sannan a zuba masa. Girman babba yana nan, lafiyar yaro kuma ta tsira.