Daga Kalangun Shata Zuwa Fiyanon Rarara: Wa Ke Ciyar Da Mawaƙi A Katsina?

Tun bayan da wasu ƙananan hukumomin Jihar Katsina, ciki har da Kurfi, suka shiga zaman sulhu da 'yan bindiga a shekarar 2025, ma'aunin da ake gwada zaman lafiya da shi bai wuce biyu ba: ko manomi ya koma gonarsa, ko kuma kasuwa ta ci. Akwai na uku da ba a cika ambatonsa ba, wato ko makaɗi zai iya shimfiɗa kayansa a ƙofar gidan biki bayan isha'i, jama'a su taru, a watse lafiya. Wani zai ce wannan ai zancen nishaɗi ne. Amma a bayan kowane mawaƙi mai ƙungiya akwai magidanta da dama da tukunyarsu ke jiran wannan dare, kuma inda mawaƙi ke samun abincinsa shi ke yanke abin da bakinsa zai iya faɗa.

Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, shi ne misali mafi kusa. Ana yawan tuna muryarsa da kaifin basirarsa, ana mantawa da cewa shugaban ma'aikata ne. Yana tafe da makaɗan kalangu, da 'yan amshi, da maroƙa, da direba, kuma duk abin da aka samu a wurin wasa sai an kasafta, kowa ya ɗauki rabonsa gwargwadon matsayinsa. Riƙe irin wannan ayari shekara da shekaru aiki ne da ya fi ƙarfin mai murya kawai. Sai mai iya zama da mutane, mai sanin lissafin mai da masauki da kuɗin cefanen da za a bar wa iyali.

Babu shakka Shata mawaƙin yabo ne, kuma yana da iyayengiji. Kusancinsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar ya kai har a Daura aka binne shi, duk da cewa Funtuwa ce mazauninsa. Sai dai iyayengijin nasa suna da yawa: sarakuna, attajirai, direbobi, manoma, ma'aikatan gwamnati, da talakan da ya zo kallo ya liƙa abin da ya sawwaƙa. Idan ɗaya ya juya masa baya, akwai ɗari a gaba. Wannan ne ya ba shi ƙarfin halin yi wa mai mulki zambo idan ya ga dama, ya kuma tashi ya yi waƙar noma ko ta kumbon Apollo 11 ba tare da wani ya saya ba. Haka Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta riƙe ƙungiyar mata masu kiɗan ƙwarya da kuɗin da mata 'yan'uwanta ke liƙa mata a gidajen biki da suna.

Abubuwa biyu ne suka rushe wannan tsari. Na farko fiyano da sitidiyo: yaro ɗaya da kwamfuta yana fitar da sautin da a da sai an tara makaɗa biyar, mai biki kuma ya gwammace ya ɗauko mai kunna waƙa a lasifika da ya ciyar da ayari guda. Na biyu, wanda ya fi muni a tsakiyar Katsina, shi ne tsoro. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a wasu kasuwanni, ciki har da ta Dutsin-Ma, ta taƙaita zirga-zirgar babura da daddare, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Dutsin-Ma da Kurfi. An yi haka ne don toshe wa 'yan bindiga hanya, amma dillalin shanu da mahauci da ɗan acaɓa su ne masu liƙi a dandali. Ranar da aljihunsu ya bushe, bikin dare ya koma na hantsi, a ɗaura aure a ci abinci kowa ya kama gabansa kafin la'asar.

(A kan wannan kuma sai ga hukumar EFCC ta zafafa kamen masu liƙa naira a wuraren biki tun daga 2024. Dokar na nan tun 2007, kuma tattaka kuɗi abin ƙi ne, amma ba a tanadi wata hanyar da makaɗi zai karɓi ladansa a madadinta ba.)

Wanda ya fi kowa fahimtar sabon yanayin shi ne Dauda Kahutu Rarara, ɗan Ƙaramar Hukumar Danja. Waƙarsa ta "Masu Gudu Su Gudu" ta zama tambarin yaƙin neman zaɓen Muhammadu Buhari a 2015, a 2023 kuma ya yi wa Bola Tinubu irin wannan hidima. Ya yi arziki, yana kuma ciyar da mutane da dama, wannan ba abin musu ba ne. Amma kasuwarsa mai saye ɗaya ce, ko biyu: ɗan takara da gwamnati. A 2020 ya nemi masoyan Buhari su tura masa naira dubu ɗai-ɗai kafin ya saki sabuwar waƙa, aka yi ta yi masa ba'a, alhali abin da ya gwada shi ne tsohon tsarin Shata ta hanyar asusun banki. Bai ɗore a kai ba. Kuma sai da Buhari ya sauka daga mulki sannan aka ji Rarara yana sukar yadda ya bar ƙasar. Mutanen Kurfi da Safana da Batsari sun buƙaci wannan murya tun suna kwana a daji. A Yunin 2024 bala'in ya iso har ƙofar gidansu a Kahutu, lokacin da aka sace mahaifiyarsa, kafin daga baya ta kuɓuta.

A nan ne ya dace a leƙa wata duniyar. Kiɗan rege na asali, irin na Bob Marley da Lucky Dube da Majek Fashek, wanda samarin Arewa suka sha saurare a kaset, ya yi suna ne da faɗa wa masu mulki gaskiya. A Amurka akwai ƙungiyoyin rege da ba su taɓa zama gagarau a rediyo ba, amma suna rayuwa shekara da shekaru daga tikitin da mutanen yankinsu ke saya. Harrison Stafford da abokansa sun kafa ƙungiyar Groundation a 1998 suna ɗalibai masu koyon kiɗa a Jami'ar Jihar Sonoma da ke Kalifoniya, daga baya ma ya koyar da tarihin rege a wannan jami'a. Ƙungiyar ta fara ne da ƙananan ɗakunan wasa na yankinta kafin ta kai ga manyan bukukuwa a Turai. Dubban masu sayen tikiti ne ke biyan makaɗansa, saboda haka babu gwamnan da zai iya rufe masa baki ta hanyar rufe aljihu.

Dutsin-Ma na da kusan duk abin da Sonoma ke da shi. Tana da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da dubban ɗalibai da ma'aikata masu albashi, da 'yan kasuwar da ke cin abinci a gefensu. Waɗannan su ne jama'ar da za su iya biyan kuɗin shiga zaure su saurari kalangu ko gurmi ko garaya, da rana tsaka idan dare bai yiwu ba, a cikin harabar da ke da masu gadi. Abin da ya tsaya a gaba shi ne fargaba, domin a garin nan ne aka sace ɗalibai mata biyar na jami'ar a Oktoban 2023, kuma babu shugaban makarantar da zai so tara jama'a bayan irin wannan.

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, yana raye, makaɗansa na aiki. Yau sassan Hausa na jami'o'inmu cike suke da kundayen bincike a kan waƙoƙinsa, ɗalibi na samun digiri da nazarin Bakandamiya. Da a ce cikin kuɗin da ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi ke kashewa a tarukan siyasa za a ware na wasa ɗaya a wata, mai tikiti, a zauren makaranta, da an gane ko har yanzu akwai masu kalangu a yankin da ba su jingine shi sun kama acaɓa ba.