Bashin da Malaman Makarantar Fada Ke Bin Mu

Duk inda tsofaffin 'yan makarantar mishan suka haɗu, ko wajen biki ko wajen jana'iza, ba a daɗewa sai hira ta koma kan "zamaninmu". A yabi malaman da, a zagi makarantun yanzu, a yi dariya, a watse. Ra'ayina shi ne wannan yabo bai isa ba. Malaman nan suna bin mu bashi, kuma ba da baki ake biyansa ba.

Bari in fara tuna wa matasa inda abin ya samo asali. Limaman Katolika na ƙungiyar SMA sun kafa tasharsu a Shendam a 1907, daga baya aikin ya bazu zuwa Jos, Kaduna, Zariya da Kano. Kusan duk inda suka kafa majami'a sai sun kafa aji a gefenta, sau da yawa ma ɗaki ɗaya ne, ranar Lahadi a yi sujada, ranar Litinin a juya bencina a yi karatu. Sistocin St. Louis sun iso Kano a 1948 suka buɗe wa 'ya'ya mata ƙofar ilimi. Mutanen ƙauye ba su damu da sunayen waliyyai da ke kan allon makarantun ba, "makarantar Fada" kawai suke cewa.

Ni ba ɗan Katolika ba ne, iyayena ma haka, amma makarantar Fada ce kaɗai a kusa da ƙauyenmu a lardin Zariya, can aka kai ni a shekarun 1960. Ba a tambaye ni ɗarikar ubana ba. An ce in ɗora hannun dama ta bisa kai in taɓa kunnen hagu, da na taɓa aka rubuta sunana. A ajinmu akwai 'ya'yan Katolika, da na sauran ɗariku, da na Musulmi, da na waɗanda iyayensu ke bin addinin gargajiya. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ce da aka rataye a bishiyar mangwaro. Da safe a jera mu a duba farce da haƙora da kai, sannan a shiga lissafin ka kafin rana ta yi zafi. Da tsakar rana a buga ƙarfe, 'yan Katolika su yi addu'arsu, mu sauran mu tsaya shiru da ladabi.

Malamai uku ne ba na mantawa. Na farko malamin aji ɗaya, wanda shi ne kuma katikis na garin. Bai yi zurfin karatu ba, amma yakan riƙe hannun yaro da nasa a kan allo har sai baƙi ya fita daidai, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ba ya gajiya. Ta biyu wata malama ce da sistoci suka horar. Idan yarinya ta yi kwana biyu ba ta zo ba, sai ta ɗaura zanenta ta bi ta har gida, ta zauna a tabarma da uban tana lallashi kada a yi mata aure tukuna. Na san mata biyu da suka zama ma'aikatan jinya saboda wannan zaman tabarma. Na uku hedimasta ne. Lokacin da ya kusa mu rubuta jarrabawar shiga sakandare, yakan tara mu a zaurensa da dare a kunna fitilar ƙwai, kananzir daga aljihunsa. Wanda ubansa ya kasa biyan 'yan sulallan makaranta, sai ya ce a kawo dawa ko gyaɗa bayan kaka, yaro ya ci gaba da zuwa.

Ba na cewa komai na wancan zamani mai kyau ne. Bulala ta yi yawa, akwai yaran da ta kora daga karatu har abada. A manyan azuzuwa ana hukunta yaro don ya yi magana da harshen uwarsa, wannan kuwa ya sa wasunmu suka girma suna jin kunyar yarensu. Ba waɗannan nake so mu dawo da su ba. Abin da nake nufi shi ne malamin da ya san sunan kowane yaro da gidan da ya fito, da kuma makarantar da ba ta rufe wa ɗan talaka ƙofa.

A farkon shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan. A Kaduna, St. John's College ta zama Rimi College, Queen of Apostles ta zama Queen Amina College, na firamare kuma suka koma hannun hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi. A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE, yara suka cika azuzuwa fiye da yawan malaman da aka horar. Daga baya wasu jihohin kudu, kamar Legas a 2001 da Anambra a 2011, suka mayar wa ikilisiyoyi makarantunsu. Mu a nan mun daɗe muna kuka a mayar mana da namu, kuma kukan yana kan hanya. Amma ina tambayar dattawa: idan gobe aka miƙo mana makullai, irin makarantar Fada za mu yi, ko irin waɗanda muke yi yanzu?

Ku duba da kyau. Yau da wuya a sami babbar majami'a a birni da ba ta da makarantar nasare da firamare a harabarta. Da baikon masu bi aka gina su. Zumuntar mata ta ɗebo ruwa, matasa suka buga bulo, gwauraye suka ba da ɗan abin da suke da shi. Amma da aka gama gini aka sa kuɗin da mai gadin majami'ar kansa ba zai iya biya wa ɗansa ba. Mai bishara da ke ƙauye yana aiki da sunanmu, 'ya'yansa suna zaune a ƙasa a ajin da ba rufi. Malamin da ke koyarwa a makarantarmu kuwa fa? Dokar ƙasa ta 2024 ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000 a wata. Kowane dattijo ya je ya tambayi ma'ajin makarantar ikilisiyarsa nawa ake ba malamin aji ɗaya, kuma ran nawa ga wata yake karɓa. Wanda yunwa ke damunsa ba zai kunna wa 'ya'yan wasu fitila da dare ba, da ya sami wani aiki zai tafi.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce limaman da suna samun taimako daga ƙasashensu, gwamnatin wancan lokaci kuma tana ba makarantun da ta amince da su tallafin albashi, mu kuwa ba mu da ko ɗaya. Gaskiya ne. Amma iyayenmu ne suka kwaɓa ƙasa suka gina azuzuwan, su suka yanko ciyawar jinka, su suka nome wa malam gonarsa. Ba su kai mu arziki ba. A yau cikinmu akwai likitoci, lauyoyi, manyan sojoji masu ritaya da 'yan kasuwa, yawancinsu daga waɗannan azuzuwan laka suka fito. Idan muna iya tara miliyoyi don sayen motar Rabaran ko shimfiɗa tayil a majami'a, ba rashin kuɗi ne damuwarmu ba, abin da muka sa a gaba ne.

Saboda haka ina kawo shawara uku ga majalisun dattawa. Na ɗaya, kowace makarantar ikilisiya ta keɓe gurbi, ko da ɗaya cikin goma ne, domin marayu da 'ya'yan masu bishara da na marasa ƙarfi, kuma a karanta adadinsu a taron shekara kamar yadda ake karanta rahoton kuɗi. Na biyu, albashin malamai ya shiga kasafin ikilisiya kafin a fara zancen sabon gini. Na uku, majami'un birni kowacce ta ɗauki nauyin malami ɗaya a wata ƙaramar ikilisiya ta ƙauye, musamman inda masu bi 'yan kaɗan ne kuma yaransu ke tafiya mai nisa kafin su sami aji. Wannan aiki bai san ɗarika ba, kamar yadda makarantar Fada ba ta tambaye mu tamu ba.

Akwai kuma tsofaffin malaman da har yanzu suna raye, wasu ido ya tafi, wasu suna jiran fansho shekara da shekaru. Kada mu jira ranar jana'iza kafin mu buga hotonsu a riga. A je a gaishe su, a kai musu hatsi da magani, a kira su gaban jama'a a sa musu albarka tun suna ji da kunnensu.

Allah ya ba dattawanmu hikima, ya kuma tashe mana malamai masu tsoronsa. Amin.