Haƙuri wurin karatu, sauri wurin ciwo

Ƴan uwa, cikin likitoci akwai wani wanda ba kowa ya san da shi ba. Shi ne likitan fiɗar ƙwaƙwalwa da ƙashin baya. Aikinsa shi ne ya buɗe ƙoƙon kan mutum, ya gyara abin da ya ɓaci, ya rufe. Wani zai ce: "Haba malam! A buɗe kai, kuma mutum ya rayu?" E, ana yi. A nan Nijar ma ana yi.

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta wuce kilo 1 da rabi ba, amma ita ce sarkin jiki. Gani, ji, magana, tafiya da tunani, duk daga gare ta suke. Daga gindinta laka ta sauko ta cikin ƙashin baya, mai gaɓa 33. Laka ce ke kai saƙo ga hannuwa da ƙafafu. Fata in ta yanke tana haɗewa. Ƙashi in ya karye maɗori ya ɗora. Laka kuwa in ta tsinke, ba ta ɗoruwa. Shi ya sa ba kowa ake ba wuƙa a wannan wuri ba.

To, shekara nawa ake yi kafin a zama irin wannan likita? Mu yi lissafi tare. Makarantar firamare, shekara 6. Kwaleji, shekara 4. Lise, shekara 3, sannan jarrabawar bak. Mun samu 13. Sai karatun likita a jami'a, kamar Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, shekara 7 ko 8. Mun kai 20 ke nan. Bayan haka sai koyon fiɗar ƙwaƙwalwa ita kanta, shekara 5. Duka-duka shekara 25, ko ma da ɗoriya. Yaron da ya shiga lakkol yana da shekara 7, sai ya haura 30 kafin ya gama.

Cikin waɗannan shekaru 5 na ƙarshe, ba zaman aji kawai ake yi ba. Kamar yaron maƙeri ne da ke farawa da zuga. Ɗalibi yana kwana asibiti. Yana koyon duba hoton sikana, injin da ke nuna cikin kai. Yana riƙe ma maigidansa kayan aiki, yana ɗinki, yana kallo. Sannu-sannu a bar shi ya yi ƙaramin aiki, sannan babba. Wani aikin ya kan ci awa 6 ko fiye, kuma hannu bai da izinin rawa.

Wannan sana'a ba ta Turawa kaɗai ba ce. Tun 1962 wani ɗan Najeriya, Latunde Odeku, ya buɗe sashen fiɗar ƙwaƙwalwa a asibitin jami'ar Ibadan. A 2002 aka buɗe cibiya a Rabat ta ƙasar Maroko, don horar da ƴan Afirka. Ana koyo a Dakar da Abijan. A Yamai, Farfesa Samuila Sanoussi yana cikin waɗanda suka fara wannan aiki. Amma mutanen ƙasarmu sun haura miliyan 25, masu wannan sana'a kuwa ƴan kaɗan ne.

Ga ra'ayina. Wannan likita abu biyu yake buƙata daga gare mu: haƙuri da sauri. Mu kuwa mun juya su. Wurin karatun yaro, inda ake son haƙuri, nan muke sauri. Yaro ya yi shekara 4 ko 5 a lakkol, sai mu ce ya isa, ya tafi bida. Yarinya ta fara fahimta, sai mu ce aure. Wurin ciwo kuma, inda ake son sauri, nan muke haƙuri. Sai mu ce: "A bari mu gani zuwa gobe."

Gobe ɗin nan ta ci mutane da yawa. Ga misali. Saurayi ya faɗi bisa moto, kansa ya bugu. Ya suma kaɗan, ya farka, har yana dariya. Kowa ya ce ya auna arziki. Bayan ƴan awoyi sai ciwon kai mai tsanani, sai amai, sai barci mai nauyi. Abin da ke faruwa, jini ne ke taruwa cikin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa. Ƙoƙon kai ba ya miƙewa kamar salka. In an kai shi da wuri, likita ya buɗe ya kwashe jinin, sau da yawa mutum ya koma aikinsa. In an kwana ana jira, ƙila ba zai farka ba.

Ga wani misali. Jariri kansa na ta ƙara girma, maɗigarsa ta kumbura, idanunsa na kallon ƙasa. Wasu su ce ɗan ruwa ne, a ɓoye shi cikin ɗaka. A'a, ciwo ne. Ruwan da ke cikin kai ne ya rasa hanyar wucewa. Likita yana sa siririn tiyo ƙarƙashin fata, daga kai zuwa ciki, ruwan ya riƙa sauka. Amma ƙwaƙwalwar da ruwa ya daɗe yana dannewa ba ta komawa daidai. Haka nan jaririn da aka haifa da ƙulli a gadon baya: a rufe wurin da tsabtataccen ƙyalle, a kai shi asibiti ranar nan.

Wanda kuma ya faɗo daga icce ko ya yi haɗarin mota, yana kukan wuya ko baya, kada a zaunar da shi. Kada a naɗe shi cikin mota kamar tabarma. A kwantar da shi miƙe bisa katako ko ƙyauren ɗaki, mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya juya. Ɗauka marar kyau tana iya ƙarasa lakar da haɗari bai tsinka ba.

Na san abin da za ku ce. Yamai da nisa: daga Tawa wajen kilomita 550 ne, daga Maraɗi 660, daga Damagaram kusan 900. Kuɗin mota da na magani ba wasa ba ne. Kuma talaka ina ya ga shekara 25 ta jira? Gaskiya ne, kuma hukuma tana da nata kaso: ta taimaki ɗalibai, ta kai likitoci da kayan aiki cikin jihohi. Amma ba a ce ka kama hanyar Yamai da kanka ba. Ka fara da gidan likita mafi kusa, majo ya duba, ya rubuta takardar tura ka gaba. Batun karatu kuwa, ba kowane yaro ne zai kai ƙarshe ba. Wanda ya tsaya a tsakiya ma bai yi hasara ba: ya zama malamin asibiti, ko ungozoma, ko malamin makaranta. Amma wanda aka cire tun aji 4, wa ya san abin da aka cire?

Mu da muka zo yaƙi da jahilci da furfura, mun san zafin rashin karatu. Kada ƴaƴanmu su gaje shi. Mai haƙuri ya kan dafa dutse, wannan maganar makaranta ce. Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe, wannan maganar asibiti ce. Mu aje kowace a wurinta.