Mun Rasa Rabonmu a Ruwa, Kada Mu Rasa Shi a Rana

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da na ji da kunnena a taron 'yan ƙasarmu ta Ngaski a hutun da ya wuce. An kawo batun taimaka wa wata 'yar'uwarmu da ke karatun digiri na uku a fannin kimiyyar sinadarai ta lissafi, tana binciken yadda haske ke tunkuɗa ilektoron a cikin ƙwayoyin sinadari masu siffar dama da hagu. Sai wani babban ma'aikaci ya gyara zaman hularsa, ya ce: "Wannan karatu kifi zai kama mana, ko kuwa rumbu zai cika mana?" Aka kwashe da dariya, aka wuce zuwa batun kuɗin buga kalanda. Ni kuwa na ce dariyar nan ita ce cutarmu, kuma a duk Nijeriya babu waɗanda ya kamata su ji kunyar yin ta kamar mu mutanen bakin Kainji.

Mu tuna baya. A 1964 aka fara gina madatsar Kainji, aka gama a 1968. Ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da tsibirai da fadamu, aka tashi mutum fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawa da Kambari da sauran iyayenmu na ƙasar Yauri. Kamfanin Impregilo na Italiya ya yi ginin, injinan da ke iya ba da megawat 760 kuwa daga ƙetare aka kawo su. Mu ƙasa muka bayar, da gonaki, da kaburburan kakanni. Masu ilmin suka zo da lissafinsu, suka koma da shi. Wuta ta bi waya ta tafi birane, alhali har yau akwai ƙauyuka da yawa a bakin tafkin da cocila ce fitilarsu. To, ilmin da ke juya injinan nan, da can shi ma abin dariya ne. Lokacin da Michael Faraday yake wasa da maganaɗisu da naɗin waya a Ingila a 1831, babu kifin da ya kama wa kowa.

Bari in fayyace abin da 'yar'uwar tamu take yi, domin rashin sani ya fi dare duhu. Ku dubi tafin hannuwanku. Yatsu biyar nan, biyar can, amma takalmin dama ba ya shiga ƙafar hagu, haka hannun dama ba ya zama na hagu ko yaya ka juya shi. Ƙwayoyin sinadari da yawa haka suke, tagwaye ne, ɗaya na dama ɗaya na hagu. Louis Pasteur ne ya gano haka a Faransa a 1848. Jikin ɗan Adam kuwa yana da zaɓi: tubalan da ake gina furotin da su kusan duk na hagu ne, sukarin da ke cikin jininmu na dama ne. Saboda haka magani guda yana iya zama waraka ta hannu ɗaya, ya zama illa ta ɗaya hannun. Tsakanin 1957 da 1961 an sayar wa mata masu ciki wani magani mai suna talidomaid, aka haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa. Daga baya aka gane yana da tagwayen siffa, kuma cikin jiki ɗaya na rikiɗa ya zama ɗayan. Wanda ke ganin wannan ilmi wasa ne, sai ya tambayi kansa wa ke auna masa ƙwayar da yake haɗiya.

Sa'an nan batun haske. Kowane ganyen shinkafa da ke fadamar Yauri, da kowane ganyen albasa, aikinsa ke nan tun fitowar rana har faɗuwarta: haske ya bugi koren da ke cikinsa, ilektoron ya yi tsalle daga wannan ƙwaya zuwa waccan cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ba, da ƙarfin tsallen nan ake haɗa abincin da ke cika rumbun da mai girma yake tambaya. A 1956 Rudolph Marcus ya zauna a Amurka da takarda da fensir ya fitar da lissafin saurin wannan tsalle. Lissafin ya nuna abin mamaki, watau idan ƙarfin turawa ya wuce wani iyaka, sai ilektoron ya rage sauri maimakon ya ƙara. Sai a 1984 gwaji ya tabbatar da haka, a 1992 aka ba shi lambar Nobel. Yau masu ƙera sababbin na'urorin kama hasken rana da wannan lissafi suke aiki.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu, nan 'yar'uwarmu ta tsaya. Ilektoron yana da wata ɗabi'a mai kama da juyin mazari, ko ya juya nan ko ya juya can. A 1999 Ron Naaman da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwayoyi masu siffar dama ko hagu suna fifita juyi ɗaya a kan ɗaya idan ilektoron zai ratsa su. Gwaje-gwajen baya sun nuna wannan yana taimakawa wajen raba ruwa a fitar da iskar haidirojin, wadda makamashi ce. Amma dalilin da ya sa tasirin ya yi girma haka, masana ba su daidaita a kansa ba har yanzu. Ƙofa ce a buɗe, ba a rubuta sunan wata ƙasa a jikinta ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce muna bukatar likita da malamin gona da jiragen ruwa masu inganci, ba mai lissafin abin da ido ba ya gani ba. Gaskiya ne muna bukatarsu, wanda ya tuna jirgin da ya nutse da ɗimbin jama'a kusa da Wara a Mayun 2021 ba zai musa ba. Amma wa ya ce sai an yanka ɗaya kafin a raya ɗaya? Mai nazarin lissafi ba ya neman ɗakin gwaji na miliyoyi, kwamfuta mai ƙarfi yake so, da littattafai, da wutar da ba ta ɗaukewa, watau wutar nan da aka tashi kakanninsa dominta. A jami'o'inmu an sha gwada ruwan zoɓo da na lalle wajen haɗa na'urar kama haske irin wadda O'Regan da Grätzel suka fito da ita a 1991, wutar da ake samu kuwa 'yar kaɗan ce. Gwaji ba tare da mai lissafin hanyar ilektoron ba, lalube ne cikin duhu.

Kada kuma a ce wannan aikin Turawa ne. Ahmed Zewail ɗan Masar ne, ya karɓi Nobel a 1999 saboda ya kama motsin ƙwayoyin sinadari da walƙiyar haske. Abdus Salam ɗan Pakistan ne, ya kafa cibiyar nazari a Trieste ta Italiya a 1964 musamman domin 'ya'yan ƙasashe irin namu. Dukansu biyu a ƙetare suka yi suna, domin can aka ba su wurin aiki. In muka ci gaba da dariya, haka namu za su tafi, mu kuma mu sayi aikin ƙwaƙwalwarsu da dala.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin ɗalibai na Ngaski da Yauri da Shanga su ware wani kaso na abin da suke tarawa domin masu zurfafa bincike. Ina kira ga hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa domin yankunan da ke samar da wutar ruwa, ta sa tallafin digiri na uku cikin ayyukanta. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da jami'o'in Aliero da Birnin Kebbi kuwa su tanadi kujeru ga masu nazarin lissafi tun kafin su dawo, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kuma matasan ma'aikata, idan takardar neman taimako irin wannan ta zo teburinku, ku karanta ta kafin ku yi dariya. A 1968 an zo mana da ilmi an ɗauki kogi. Rana tana nan a kanmu kullum, kuma waɗanda za su ɗauke ta sun riga sun fara lissafi. Allah ya sa mu gane.