A Daina Ba 'Yan Jari-Bola Tsofaffin Kyamarori

Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da na san wasu za su ce bai kai a ɓata tawada a kansa ba, musamman yanzu da kowa ke fama da tsadar taki da abin sawa a baka. To amma a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe.

Ni manomi ne, da rani kuma ina ɗan taɓa tireda a bakin titin Kaduna zuwa Zariya, nan Katabu kusa da Mararrabar Jos. Kwanakin baya wani yaro ɗan makaranta ya sauko daga mota ya tsaya gaban teburina sayen ruwa, sai na ga wani ɗan akwati baƙi rataye a wuyansa, mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya. Wallahi ina ganinta na gane ta. Kyamarar nan ce Yashica da masu hoto ke yawo da ita muna yara, wadda ake riƙewa daidai cibiya a sunkuya a leƙa ta sama. Na ce, "Samari, gadon kakanka ne wannan?" Ya yi dariya ya ce, "A'a Baba, saye na yi, kuma tana aiki sarai."

Ya ce shi da abokansa sha'awarsu ke nan. Suna bin tsofaffin kyamarori masu fim su saya, su goge, su gyara, su riƙa ɗaukar hoto da su. Fim ɗaya na irin tasa hoto 12 kacal yake ci, na ƙananan kyamarori kuwa 24 ko 36. Fim ɗin sai ya yi oda daga nesa, wanki ma sai ya aika, ya zauna jira. Da ya faɗa mini abin da yake kashewa, sai na ce a raina lalle ƙoshi ne ke damun yaron nan, bai san zafin nema ba. Ga waya a aljihunsa da za ta ɗauki hoto dubu ba ko kwabo.

Amma da dare ya yi na kwanta, sai maganar ta ƙi barina. Ga dalili.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, hoto ɗaya ya taɓa ɗauka a duniya, hoton fasfo baƙi-da-fari. Wata damina ɗakin tsohuwarmu ya yi yoyo, hoton ya jiƙe ya manne da takarda, fuskar ta goge. Ban damu sosai ba a lokacin, don na san dattijon da ya ɗauka, kuma na san al'adarsu: kowane mai situdiyo yana ajiye nagatif a kwali, ko bayan shekara ashirin ka koma zai lalubo ya wanke maka sabo. Na yi ta cewa gobe, gobe. Ranar da na je, ashe dattijon ya rasu. 'Ya'yansa sun share shagon an sa mai cajin waya. Kyamarorin sun ba 'yan jari-bola a kan sikeli kamar ruɓaɓɓen kwano, kwalayen nagatif kuwa aka haɗa da shara aka cinna musu wuta. Ban ga laifinsu ba, don ba wanda ya taɓa gaya musu abin yana da daraja. Amma a cikin wutar nan har da mahaifina, da amaren unguwa guda, da 'yan makaranta, da alhazan da suka yi fasfo. Yau 'ya'yana in sun tambaye ni kamannin kakansu, sai dai in ce su dubi baffansu su rage tsawo.

Wani zai ce ai yanzu an wuce nan, komai yana waya. To ni dai bara aka zare mini waya a kasuwa, hotunan sunan autata duk suka bi ta. Amma hotonmu na aji shida na firamare da aka ɗauka a 1992 yana nan cikin gwangwanin alewa a ƙarƙashin gado, har ana gane wanda ya zo ba takalmi. Wanne ya fi riƙon amana a cikinsu?

Da yaron ya sake biyowa na tsare shi da tambaya, abin da ya faɗa kuma na sa ɗana ya duba mini. Ashe wani injiniyan kamfanin Kodak na Amurka ne ya fara ƙera kyamara marar fim tun 1975, kuma irin wannan kyamara ce ta zo ta karya kasuwar fim har Kodak ɗin ya durƙushe da bashi a 2012. Duk da haka fim bai mutu ba. Kodak na yi har yau, Ilford na Ingila na yin baƙi-da-fari, har ma Pentax na Japan ya fito da sabuwar kyamara mai fim a 2024 saboda matasa sun koma nema. Wato kayan da muke aunarwa a kilo suna da masu so.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin Malick Sidibé na Bamako ta ƙasar Mali. Mai situdiyo ne na unguwa kamar dattijon namu, yana ɗaukar biki da suna da samari masu sabon ɗinki. Bambancin kawai, nasa kwalayen ba a ƙona ba. A 2007 aka kira shi birnin Venice na Italiya aka ba shi babbar lambar girma, ya rasu a 2016 duniya ta san shi. A nan Nijeriya ma akwai marigayi Ojeikere, wanda tun 1968 ya bi kitson mata yana ɗauka har kusan kala dubu. Kitso fa, jama'a! Yau hotunansa na rataye a gidajen tarihi na Turai. Mu ina hoton hawan sallarmu na da, ina na masaƙa da ma'aikatan masaƙun Kakuri da aka rufe, ina na kasuwanninmu kafin a rushe a sake gini? Suna nan a kwalaye a bayan shagunan Kawo da Rigachikun da Tudun Wada, gara na ci, in ba a riga an ƙona ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce manomi ya bar sayen taki ya sayi fim ba, wannan wasa ne na mai hali. Abin da nake roƙon 'yan'uwana talakawa shi ne, wanda ya gaji kyamara ko nagatif kada ya yi gaggawar rabuwa da su. In akwai batir a ciki a cire, don yana zubar da ruwa ya cinye ƙarfen. A nisanta ta da laima, saboda gilashin idon yana yin fumfuna, da hunturu kuma a rufe ta daga ƙura. Kada a buɗe bayanta da rana in ana zaton akwai fim a ciki, haske na taɓa shi ya ƙone ke nan. Da yawansu ko batir ba sa buƙata, wani ake yi musu da hannu, ba ruwansu da an kawo wuta ko an ɗauke. Nagatif kuwa a riƙe shi ta gefe, a sa a ambulan, a rubuta sunan mai hoton da shekara in an sani, a ajiye inda ba zafi ba damshi.

Su kuma samarin masu wannan sha'awa, dan Allah ku ji tsoron Allah. Na ji wasunku na zuwa wurin tsoho su ce ai kayan ya mutu, su ba shi kuɗin goro, su je birni su sayar ninkin-ba-ninkin. Wannan cuta ce. Ku faɗi gaskiyar farashi. Kuma in kun zo ƙauye ɗaukar hoto ku yi sallama ku nemi izini, ba ku auna mutum yana cikin gonarsa kamar kun ga biri ba. In an wanke, a kawo wa mai fuskar nasa.

Daga nan ina kira ga Gidan Arewa da ke Kaduna, wato tsohon gidan Sardauna da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da kuma ofishin adana takardun tarihi na ƙasa reshen Kaduna, da su tura ma'aikata su zaga wurin tsofaffin masu hoto tun suna da rai, su saya ko su kwafi abin da ke hannunsu, a kuma tambaye su sunayen mutanen da ke ciki. Sarakuna da gwamnoni an riga an adana nasu. Namu ne ke hannun mai situdiyon unguwa.

Shi dai yaron ya cika alkawari. Ranar farko ya ɗauke ni ina auna gyaɗa, bayan mako uku sai ga shi da hoton a ambulan. Na yi godiya, amma na ce ba zai tafi ba sai ya yanko mini nagatif ɗin. Yana cikin gwangwanin alewa, kuma na nuna wa babban ɗana inda yake.

 

Naku,
Wani manomi ɗan tireda,
Katabu, Ƙaramar Hukumar Igabi,
Jihar Kaduna.